Yadda za ka gane babbar lamba firam ce ko a'a, daga biro da takarda har zuwa wayarka

Wani ƙanena da ke shirin jarabawar fita sakandare ne ya turo min tambaya a WhatsApp, wai ya ga an ce an gano wata lamba mai dijit sama da miliyan 41 wadda ba abin da ke raba ta, shi abin da ya tsaya mai a rai shi ne, yaya, ta yaya mutum zai san haka alhali ko rubuta lambar ba zai iya ba? Wallahi tambayar ta min daɗi, don ita ce tambayar da ya kamata a yi, mafi yawan mutane mamaki kawai suke yi su wuce. Na ce mai ya ɗauko tsohon littafin lissafinsa da biro, muka kwana biyu muna abu ɗaya, shi ne na ga gara in rubuto shi a nan yadda kowa zai bi da hannunsa.

Lambar da ake magana ita ce 2^136,279,841 − 1. Wannan alamar ^ tana nufin ka jera 2 sau 136,279,841 kana ninka su da juna, in ka gama sai ka cire 1. Wani mutum Luke Durant mazaunin San Jose a Amurka, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, shi ya gano ta a watan Oktoba na 2024, dijit ɗinta 41,024,320. In za ka karanta dijit ɗaya duk daƙiƙa ba ci ba sha ba barci sai ka yi kwana 474 da ɗoriya, in kuma firintin za ka yi kana zuba dijit 3,000 a kowane shafi to ka tanadi rim ɗin takarda sama da 27.

Mataki na 1: ka fara da ƙananan lambobi tukuna

Firam ita ce lambar da ta fi 1 kuma ba ta rabuwa daidai sai da 1 da ita kanta. 2, 3, 5, 7, 11, 13 haka dai. Ka ɗauka goro 13 ne a hannunka, ko mutum nawa ka tara ba za su raba daidai ba sai in mutum ɗaya ne ya kwashe ko kuma mutum 13 kowa ɗaya. Goro 12 kuwa mutum 2, 3, 4, 6 duk za su raba lafiya.

Hanyar gwaji ta farko rabawa ce kawai, amma ba sai ka gwada kowace lamba ba, ka tsaya a sikwaya rut ɗinta, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ita. Misali 97, sikwaya rut ɗinta bai kai 10 ba, don haka 2, 3, 5, 7 kaɗai za ka gwada, ba wadda ta shiga, shi kenan firam ce. Dalilin shi ne masu raba lamba bibbiyu suke zuwa, in akwai babba to dole akwai ƙaramar abokiyarta a ƙasa da sikwaya rut. Gwada 221, a ido kamar firam, sai ka kai 13 za ka ga 13 × 17 ce.

To wannan hanya tana aiki ga lambobin aji, amma lamba mai dijit miliyan 41 sikwaya rut ɗinta kansa dijit miliyan 20 da rabi ne, ko duk kwamfutocin duniya aka haɗa ba za su taɓa gamawa ba. Don haka ba ta nan ake bi ba sam.

Mataki na 2: ka gane dangin lambar

Duk lambar da ke da siffar 2^p − 1 ana ce mata lambar Mersenne, sunan wani malamin coci ne Bafaranshe, Marin Mersenne, wanda a 1644 ya fitar da jerin waɗanda yake ganin firam ne. Ya yi ƙoƙari amma ya yi kuskure biyar, ya saka 67 da 257 alhali ba sa bayar da firam, ya kuma tsallake 61, 89 da 107 waɗanda suke bayarwa.

Doka ta farko a nan: in p ɗin da ke sama ba firam ba ce, kar ma ka ɓata tawadarka, lambar za ta rabu. 2^4 − 1 = 15 wato 3 × 5. 2^9 − 1 = 511 wato 7 × 73, kuma ka lura 7 ɗin nan ita ce 2^3 − 1, don 3 tana raba 9. Kullum haka abin yake fita.

Sai dai inda mutane ke faɗawa rami shi ne su ɗauka in p firam ce to an gama. A'a. 2, 3, 5, 7 duk sun ba da firam, 3, 7, 31, 127, sai ka zo 11 ka samu 2047, ita kuma 23 × 89 ce. Ƙanen nawa sai da ya buga a kalkuleta sau biyu kafin ya yarda. Shi ya sa duk shekarun nan firam ɗin Mersenne guda 52 kacal aka sani, kuma har yau ba wanda ya iya tabbatar da ko suna da iyaka ko ba su da shi, duk da su firam gaba ɗaya an daɗe da sanin ba sa ƙarewa, masanin lissafi Euclid ya nuna haka a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Mataki na 3: ƙirga dijit ba tare da ka rubuta lambar ba

Nan ne abin ya fara daɗi. Ɗauko kalkuletar nan ta kimiyya, ko ta waya ka juya ta a kwance. Ka ninka p da log 2, ka yar da abin da ke bayan ɗigo, ka ƙara 1. Gwada da 2^31 − 1: 31 × 0.30103 = 9.33, yar da .33 saura 9, ƙara 1 ya zama 10, kuma lambar ita ce 2,147,483,647, ƙirga ka gani dijit 10 ne cif. Wannan ita ce wadda masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar firam ce a 1772.

Amma ga gargaɗi, don ni kaina ya kama ni ranar. In ka yi amfani da 0.30103 ɗin nan da muka haddace a makaranta kan babbar lambar, za ka samu 41,024,320.5 sai ka ƙara ɗaya ka ce 41,024,321, ka yi kuskure da dijit guda. Dalili 0.30103 an ɗan cika ta ne, asalinta 0.30102999566, kuma ɗan bambancin nan da ba ka gani in aka ninka shi sau miliyan 136 sai ya girma. Danna maɓallin log ɗin kai tsaye za ka samu 41,024,319.94, yar da wutsiyar, ƙara 1, ga 41,024,320 nan daidai da abin da aka sanar.

Mataki na 4: gano ƙarshen lambar

Jera su ka kalli dijit na ƙarshe: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Ƙarshensu 2, 4, 8, 6, sai ya sake 2, 4, 8, 6, zagaye ne na huɗu-huɗu kamar kasuwar da ke ci duk bayan kwana huɗu. To raba p da 4 ka ga ragowa. 136,279,841 dijit biyun ƙarshe kaɗai za ka duba, 41 a raba da 4 saura 1, kenan tana kan gurbin farko, ƙarshenta 2, cire 1 ya zama 1. In kana son dijit uku na ƙarshe zagayen na ɗari-ɗari ne, sai ka duba 2^41 = 2,199,023,255,552, ƙarshenta 552, cire 1, 551. Lallai kuwa da 551 babbar lambar ta ƙare. Kai da biro a ɗaki ka san wutsiyar lambar da ba za ka taɓa gama karantawa ba, ni wannan har yanzu yana burge ni.

Daga nan ma za ka ga duk firam ɗin Mersenne ban da 3, da 1 ko 7 suke ƙarewa: 7, 31, 127, 8191, 131071, 524287.

Wani hali nata kuma, a lissafin kwamfuta na sifili da ɗaya, 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111, babbar kuwa 1 ce zalla aka jera sau 136,279,841 ba sifili ko guda. Riƙe wannan, zai yi mana amfani.

Mataki na 5: tankaɗe kafin gwaji mai tsada

Kafin a saka kwamfuta aikin kwanaki ana fara neman ƙaramin mai rabawa, kuma ba a nema barkatai. Duk firam ɗin da za ta raba 2^p − 1 dole siffarta ta zama 2 × k × p + 1, inda k take 1, 2, 3 haka dai, sannan in ka raba ta da 8 ragowar 1 ce ko 7. Duba 2047: p = 11, 2 × 11 + 1 = 23, ta shiga tun a bugun farko. 89 kuwa 8 × 11 + 1 ce. Gwada p = 23: 2 × 23 + 1 = 47, kuma 8,388,607 = 47 × 178,481, an gama da ita. p = 29: 59 in ka raba da 8 saura 3 sai ka tsallake, 117 da 175 ba firam ba ne, 233 saura 1, gwada, ta shiga. Kamar rariya ne, tsakuwa ta tsaya gari ya wuce, wanda ya wuce shi ake kai wa gwaji na gaba.

Akwai labarin da nake so a nan. A 1903 wani malamin lissafi Frank Nelson Cole ya tashi a taron masana a New York bai ce uffan ba, ya lissafa 2^67 − 1 a gefe ɗaya na allo, a ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287, amsoshin suka zo ɗaya, ya koma ya zauna aka yi ta tafi. Tun 1876 an san lambar ba firam ba ce, amma ba a san masu raba ta ba sai ranar. Yaya aka yi aka sani ba tare da an ga mai rabawa ba? Shi ne mataki na gaba.

Mataki na 6: gwajin Lucas da Lehmer, zuciyar aikin kenan

Édouard Lucas Bafaranshe ne ya faro shi, da shi ya tabbatar a 1876 cewa 2^127 − 1 firam ce, lamba mai dijit 39, da hannu ba inji, kuma ba a samu wadda ta fi ta ba sai 1951. Derrick Lehmer a Amurka ya gyara hanyar a wajen 1930. Ga yadda ake yi, ga kowace p firam da ta fi 2:

Kira lambarka M. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2, raba da M, riƙe ragowar kawai. Ragowar nan ita za ka sake ninkawa da kanta, cire 2, raba da M, riƙe ragowa. Haka za ka yi ta yi sau p − 2. In a bugun ƙarshe ka samu 0, M firam ce ba tantama. In ka samu wani abu daban, ba firam ba ce, shi ma ba tantama.

Mu yi da p = 7, M = 127, bugu 5 kenan.
4 × 4 − 2 = 14
14 × 14 − 2 = 194, a raba da 127 saura 67
67 × 67 − 2 = 4487, saura 42
42 × 42 − 2 = 1762, saura 111
111 × 111 − 2 = 12319, kuma 127 × 97 = 12319, saura 0

Ka ga sifili ya fito a daidai bugu na biyar, ba kafin nan ba ba bayan nan ba.

Yanzu 2047 da muka san ƙarya take, bugu 9: za ka samu 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736. Na ƙarshe 1736 ne ba sifili ba, ta faɗi. Kuma lura gwajin bai gaya maka 23 ko 89 ba, ya dai ce maka tana rabuwa, irin halin da aka shiga kenan da 2^67 − 1 kafin Cole.

Ga wata dabara da za ta rage maka wahalar dogon rabawa, kuma ita ce sirrin da ya sa lambobin Mersenne suka fi kowa saurin gwaji. Maimakon ka raba da 127, raba da 128, sai ka tara amsar da ragowar. 4487 = 35 × 128 + 7, tara 35 da 7, 42. 1762 = 13 × 128 + 98, tara, 111. 12319 = 96 × 128 + 31, tara, 127, wato sifili. Dalilin kuwa kowane 128 ɗaya 127 ne da rarar 1, to rarar nan kake tattarawa. A wajen kwamfuta raba lamba da 128 ko kowace 2^p ba aiki ba ne, yanka jerin sifili da ɗaya kawai take yi gida biyu ta tara. Shi ya sa kusan duk manyan firam da suka riƙe kambu na Mersenne ne, ba wai sun fi sauran yawa ba, sun fi sauƙin kamawa ne.

Mataki na 7: saka wa wayarka aikin

In kana da Android sauke Pydroid 3, ko ka buɗe Python, yaren rubuta manhaja, a kwamfuta, ka rubuta wannan daidai, ka kula da tazarar farkon layi don Python ba ya wasa da ita:

def gwada(p):
    m = 2**p - 1
    s = 4
    for i in range(p - 2):
        s = (s*s - 2) % m
    return s == 0

print(gwada(127))

Zai ce True, wato aikin da Lucas ya sha wahalarsa da hannu wayarka ta gama kafin ka ɗaga yatsa. Gwada 67 da 257 ka ga False, ka kama kuskuren Mersenne da kanka. Sai ka hau sama: 521, 607, 1279, 2203, 2281, waɗannan biyar Raphael Robinson ne ya gano su a 1952 da wata kwamfuta SWAC a Los Angeles. Ci gaba da 3217, 4253, 4423, 9689, 9941, 11213, za ka fara jin wayar tana ɗan jinkiri. In ka kai 21701 ka tuna 'yan sakandare biyu ne suka gano ta a 1978, Laura Nickel da Landon Curt Noll, sa'o'in ƙanen nan nawa.

Abu ɗaya da zai iya ba ka haushi, sababbin Python in ka ce su buga lamba mai dijit sama da 4,300 sai su ƙi su kawo kuskure. Gwajin kansa ba ruwansa, bugawa ce kawai matsalar, sai ka sa import sys a sama sannan sys.set_int_max_str_digits(0). Kar kuma ka ce za ka saka 136279841 a waya, zafi kawai za ta yi batir ya ƙare, masu wannan aikin suna da wata hanyar ninka manyan lambobi ta musamman mai sauri ƙwarai.

In lambar ba ta Mersenne ba ce fa?

Sai a koma ga gwajin Fermat: in n firam ce, to ka ɗauki kowace lamba a da n ba ta raba ta, a^(n−1) in aka raba da n saura 1. A Python pow(3, n-1, n) ne. In bai ba da 1 ba tabbas ba firam ba ce. In ya ba da 1 to mai yiwuwa ce kawai, don akwai masu sojan gona, 341 = 11 × 31 tana wuce gwajin da 2, ita kuma 561 = 3 × 11 × 17 ta fi iya yaudara, tana wucewa da duk lambar da ba su haɗa mai rabawa ba. Kuma kar ka gwada lambar Mersenne da 2, duk wadda p ɗinta firam ce sai ta wuce har da 2047, shi ya sa ake amfani da 3. Ita kanta babbar lambar da wannan gwajin aka fara kama ta a wata na'ura a Dublin ran 11 ga Oktoba 2024, washegari aka tabbatar da gwajin Lucas da Lehmer a San Antonio ta jihar Texas.

Mutane na yawan cewa da irin wannan ƙatuwar lambar ake tsare asusun banki. Ba haka ba ne, ta yi girma da yawa kuma kowa ya san ta. Tsarin kulle bayanai na RSA na 1977 firam biyu na sirri yake ninkawa, a yau kowace tana da dijit wajen 300, shi kuma kulle saƙon WhatsApp yana tafiya ne a kan firam 2^255 − 19 mai dijit 77. Kenan firam na aljihunka kullum, amma matsakaita ne.

Kyautar da ke biyo kowace Mersenne

Duk lokacin da 2^p − 1 ta zama firam, ninka ta da 2^(p−1) za ka samu cikakkiyar lamba, wato wadda in ka tara masu raba ta ban da ita kanta sai su dawo maka da ita. 3 × 2 = 6, kuma 1 + 2 + 3 = 6. 7 × 4 = 28, kuma 1 + 2 + 4 + 7 + 14 = 28. Sai 496, sai 8128. Euclid ya san wannan, Ibn al-Haytham na Basra wanda ya zauna a Alƙahira ya yi aiki a kan ko duk cikakkun lambobi masu rabuwa da 2 ta nan suke fitowa, Euler ne ya kammala hujjar. Wadda babbar lambarmu ta haifa tana da dijit sama da miliyan 82.

Mataki na ƙarshe: in kana son shiga farautar

Shirin sunansa GIMPS, George Woltman ya kafa shi a 1996, kuma duk firam ɗin Mersenne da aka gano tun daga ƙarshen shekarar nan ta hannun 'yan sa kai na shirin suka fito. Shiga mersenne.org, buɗe akawun kyauta, sauke Prime95 in Windows kake ko mprime in Linux ne, saka sunan akawun ɗinka, shi zai karɓo maka p da kansa ya kama aiki. Wanda ya riƙe kambu kafin Durant, Patrick Laroche na Florida, haka ya samu 2^82,589,933 − 1 a Disamba 2018. Akwai tukuicin dala 3,000 ga wanda ya gano sabuwa, ƙungiyar kare 'yancin masu amfani da intanet EFF kuma ta ajiye dala 150,000 ga firam ta farko mai dijit miliyan 100.

Amma gaskiya ɗan'uwa kar ka shiga don kuɗi, kuma ka duba halin da muke ciki. Manhajar nan tana sa kwamfuta aiki iya ƙarfinta dare da rana, laftof a watan Afrilu a ɗaki ba iska za ta yi zafi ta lalace maka, kuma ba abin da za ka ƙona man janareta a kai ba ne. In wuta ta ɗauke ba ka yi asara sosai ba don tana ajiye inda ta tsaya lokaci-lokaci. Shawarata in kana da sola da ke rara da rana, ka zaɓi ƙananan ayyuka irin neman mai rabawa na mataki na 5, suna ƙarewa da wuri kuma ana buƙatarsu, ka ɗora laftof ɗin a kan abin da iska ke shiga ta ƙasa, ba kan katifa ba.

Aikin gida da na ba ƙanen nawa shi zan ba ka: p = 13, M = 8191, bugu 11, da biro, kana amfani da dabarar raba da 8192 ka tara, in jimlar ta fi 8191 ka cire 8191. Shi a bugu na biyar ya kauce ya samu wata lamba daban, sai da ya koma baya ya ga a ninka 3953 da kanta ne ya manta ɗaukar 2. In ka bi daidai za ka ga 14, 194, 4870, 3953, 5970, 1857, 36, 1294, 3470, 128, sannan 128 × 128 − 2 = 16382, wato 8191 sau biyu cif, saura 0.